Marainiya Mai Uwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran abubuwa, da yinin bikin Rabi a Karaye. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero. Ni irin 'yan matan nan ce da za a aika sayen gishiri su tsaya kallon gajimare. A aji kujerar bakin taga nake nema, in malami ya jefo min tambaya sai ƙawata ta zungure ni kafin in dawo duniya. Idan lokacin cirar albasa ya yi, gari duk ya ɗau wari, ƙawayena suna toshe hanci suna tsaki, ni kuwa sai in tsaya bakin hanya ina kallon matan da ke zaune cikin tulin albasa suna tsincewa, ina ƙirƙira wa kowacce tarihi. Wannan mijinta ya tafi Kudu bai dawo ba. Waccan akwai wanda take jira tun ƙuruciya. (Wadda na ba tarihin da ya fi kowane ban tausayi, daga baya na ji ashe ita ce mai motar da ke kwashe albasar.) Kwanaki ne masu daɗi, wallahi. Ba ni da damuwar da ta wuce jarrabawa da cajin waya.

A haka na fara wani labari, na wata yarinya da mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, daidai lokacin cirar albasa, ta tashi a hannun kakarta. Ban ba yarinyar suna ba. Da bakinta na rubuta shi, ni kaza, ni kaza, don na ga ya fi shiga rai. Akwai wani guruf na mata a waya da nake turawa, sai wasu suka ce su ba su da lokacin karatu, in riƙa karantowa da murya su saurara suna aiki. Na ko karɓa da murna. Ina da 'yar siririyar murya mai rawa, kuma ni mai saurin kuka ce, ko tallar sabulu aka yi da tausayi sai na share ido. Duk inda yarinyar ta yi kuka a labarin, ni ma sai in yi, waya tana ɗauka. Saƙonnin suka fita daga guruf ɗin suka shiga gari, daga wannan waya zuwa waccan, har inda ban taɓa takawa ba.

To, ga gaskiyar magana. Ni a unguwar Firchin da ke Jega aka haife ni, a gidan da ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma mahaifiyata tana nan da ranta da lafiyarta. Mama tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, da ta ajiye aiki ta koma sayar da atamfa a gida. Mace ce mai jiki, mai fara'a, wadda in tana waya a tsakar gida maƙwabta ke sanin abin da ake ciki. Ba don ba na son ta na kashe uwar labarin ba. Kawai a lokacin ina ganin rayuwata ta cika lafiya. Ina ganin marubuciyar kirki bai kamata ta fito daga gidan da ake binta da ƙarin tuwo ba. Ina son a ji muryata a ce, wannan ta ga duniya.

A tsakiyar wannan ne Lawali ya shigo. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Maiyama, ya zo ƙaro karatu Aliero muka haɗu. Mutum ne mai shiru da kirki, yana zuwa gidanmu zance, Mama tana aiko masa da abinci kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya san ina rubutu, yana kuma yaba min, amma bai taɓa sauraron ko guda ba. Na taɓa kunna masa, kafin a kai tsakiya ya tambaye ni ko yarinyar tana zuwa makaranta, aji nawa take. Daga nan na ƙyale shi.

Lawali ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, irin matan da ne masu riƙon kunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Duk maganar da ke tsakaninsu sai ta bi ta bakin Rabi, autarsu. Amma duk da haka bai taɓa tsallake ra'ayinta ba. Shi da kansa ya gaya min cewa Inna ba ta cewa a'a, shiru kawai take yi, kuma duk abin da ta yi wa shiru ya mutu. Manya ba su shiga maganarmu ba tukuna, ana jiran Inna ta gan ni. Bikin Rabi shi ne ranar ganin.

Abin da ban sani ba shi ne, Inna ta riga ta san ni, ko in ce ta san wata da take zaton ni ce. Rabi ce ta gano cewa yarinyar Jega da yayanta ke nema ita ce mai muryar labarin nan, sai ta riƙa kunna wa Inna in suna ɓarar gyaɗa da yamma. A Karaye kuwa, mutum ba ya cewa uwata ta rasu yana kuka alhali tana gida tana auna atamfa. Lawali da ya san gaskiya ba a hira da shi, shi kuma bai san me ke cikin labarin ba. Sau ɗaya Rabi ta turo min saƙo tana tambaya, Anti, wai abin nan da gaske ne? Da na ce mata a'a, ƙirƙira ce, da ba ku karanta wannan ba. Amma ni ce, sai da na yi tunani na zaɓo kalmomi, na rubuta mata cewa babu labarin da ba a ɗebo shi daga zuciya ba. (Na ji daɗin jimlar nan sosai. Har na ajiye ta don gaba.)

Ranar yini na shirya tun da safe. Mama ta ce ita ba za ta je ba, tunda ba a yi magana a hukumance ba, ga kuma gwiwarta na damunta. Ta ba ni turmin atamfa in kai wa amarya, ta yi min huɗubar yadda ake gaida manya kamar ban taɓa gaida kowa ba. Na hau mota zuwa Maiyama, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Ina tuna hanyar, gonaki an gama girbi, karan gero a tsaye, ni kuma ina ta maimaita gaisuwa a raina.

Gidan ya cika da mata. Tukwane na kan wuta, ana ta kwasar shinkafa, wasu na dama fura a inuwar wata bishiyar darbejiya. Rabi ta fito da lallenta ta rungume ni kamar mun shekara tare, ta ja ni gaban wata 'yar dattijuwa siririya da ke zaune kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya min. Ta kama hannuna biyu ta riƙe, ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce a hankali, "Ɗiyata, ya haƙuri?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san baki ba ya jiran izini kan wannan tambayar. Kafin in yi tunanin wa ya rasu, na ji kaina na ce, "Haƙuri da godiya, Inna."

"Allah shi jiƙan ta, shi yi mata rahama."

"Amin," in ji ni.

Sai da na faɗi amin ɗin sannan abin ya sauko min. A nan ne ya kamata in tsaya. Na buɗe baki ma, Allah ya sani. Amma Inna ta riga ta fara magana, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun da suka ji labarina take jin kamar ita ta haife ni. Ta ce duk Juma'a sai ta soya masa ta raba wa yara sadaka, ladan ya kai ga mahaifiyata. Ta ce in kwantar da hankalina, daga yau na yi uwa. Matan da ke kusa suka matso, wannan ta dafa kafaɗata, waccan ta ce Allah sarki, ga ta kuwa da kamar marayu. (Ni da Mama ta ɗura wa koko da ƙosai kafin in fito.) Kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, daɗi na ji. An zaunar da ni kusa da Inna, an kawo min fura mai sanyi, ana kallona kamar yadda na daɗe ina son a kalle ni. Har hawaye na yi, na gaske. Na ce a raina, bari biki ya wuce, zan samu Rabi a gefe in warware komai cikin hikima.

Bayan azahar aka ce Malama Dije ta iso, wata tsohuwa da ke koyar da matan aure karatu a unguwar. Ita ke yi wa amare addu'a. Aka shimfiɗa mata buzu, mata suka nutsu, ta yi wa Rabi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ta kusa shafawa sai Inna ta matsa ta yi mata raɗa. Malama ta ɗaga kai ta dube ni da tausayi, ta ce a ƙara ɗaga hannu, akwai wata baiwar Allah da ta riga mu gidan gaskiya, a roƙa mata gafara.

Hannuna na sama, kaina na ƙasa, sai na ji sallama daga zaure. Muryar da zan gane ko a tsakiyar kasuwar Jega.

Ashe bayan fitowata Mama ta kasa zama. Ta ce gwiwa ko ba gwiwa, sai ta ga gidan da idonta. Ta ɗauki shatar mota, ta sha leshinta mai ruwan goro, ta taho. Da ta shigo ta tarar ana addu'a, sai ta yi abin da kowace mace mai tarbiyya za ta yi. Ta ajiye jakarta, ta samu gefen tabarma ta zauna, ta ɗaga hannu. Malama na cewa Allah shi haskaka kabarinta, Mama na cewa amin. Allah shi sa ta huta, amin. Allah shi kyautata makwancinta, amin ya Rabbi. Amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Ni kuwa ina durƙushe ina roƙon Allah wata addu'ar dabam, ko ƙasa ta buɗe, ko a yi gobara 'yar ƙarama wadda ba za ta taɓa kowa ba.

Aka shafa. Mama ta juya ga matar da ke kusa da ita, ta rage murya, wato ta dawo da ita daidai ta sauran mutane, ta ce, "Baiwar Allah, wa anka rasa?"

Matar ta nuna ni da haɓa. "Uwar ɗiyar ga. Tun tana ƙarama."

Mama ta dube ni. Ta dubi matar. Ta sake dubana. Na ga tana lissafi irin na tsohuwar malama, tana neman inda aka yi kuskure.

"Wace ɗiya?"

"Wagga mai shuɗin mayafi, baƙuwar Jega."

"To ai ni na haife ta," in ji Mama.

Ban taɓa jin gidan biki ya yi shiru irin na ranar ba. Har ludayin da ke cikin ƙwaryar fura na ji ya tsaya. Wata yarinya da ke kusa da Mama ta ja jikinta baya a hankali. Rabi, da lulluɓinta da komai, ta fara bayani tana in'ina, cewa ai a labarin ne, Anti ce da bakinta ta faɗa, tana kuka ma. Mama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta gyara zama ta tambaya, cikin natsuwa, mi ya kashe ta. Rabi ta ce zazzaɓi ne, lokacin cirar albasa. Mama ta ce ita ko gonar albasa ba ta taɓa shiga ba, amma ba komai, an dai yi mata sutura yadda ya kamata ko? Wata daga baya ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sai gidan duka ya ɗauka. Malama Dije tana dariya tana istigfari, tana cewa tsawon rai ne, Hajiya, tsawon rai ne. Mama ta ce addu'ar dai kada a janye, tana so, a ajiye mata.

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Inna ta tashi ba ta ce komai ba, ta shige ɗakinta ta saki labule. Na tuna abin da Lawali ya gaya min game da shirunta. Mama ta daina dariya ita ma. Ba ta yi min faɗa ba, ta nuna min ƙofar da ido kawai, irin kallon da take yi wa ɗalibi in ya fasa taga.

Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Ɗakin da ɗan duhu, yana ƙamshin turaren wuta da man shanu. Inna na zaune bakin gado. Na fara ba da haƙuri, na ce ƙirƙira ce, haka ake rubuta labari, ban yi nufin yaudarar kowa ba. Duk kalmomin da nake taƙama da su suka gudu suka bar ni. Har na yi wautar kawo maganar masar da ta soya. Ta ɗaga hannu ta ce sadaka ba ta ɓata, ta san inda za ta.

Sannan ta gaya min abin da ban tambaya ba. Ita ce aka yi wa rasuwar. Tana 'yar ƙarama mahaifiyarta ta rasu, ita ma kakarta ta riƙe ta, kuma tun da ta girma ba ta taɓa zama ta yi maganar da kowa ba. Da ta ji labarina sai ta ce yau ga wadda ta sani.

"Wurin da kika ce in ana yi wa yara kitson sallah sai ki tafi ɗebo ruwa, don kada ki ga uwayensu na riƙe da kansu," ta ce, "wa ya gaya miki wannan?"

Na ce ba wanda ya gaya min. Akwai wata yarinya a ajinmu na firamare da nake gani tana yin haka, sauran kuma na zauna ne na yi ta tunanin yadda za ta ji.

"Ba ki taɓa ji a jikinki ba."

"Ban taɓa ba, Inna."

Ta girgiza kai. Ta ce ita dai ba ta san sunan wannan sana'a ba, a zamaninsu in mutum ya faɗi abin da bai faru ba suna ɗaya gare shi. Amma kukan da ta yi, ta yi shi, kuma ta ji sauƙi, wannan ba za ta ce ƙarya ne ba. Daga waje muryar Mama na shigowa, ta riga ta saba da mutane, tana gaya wa masu girki cewa wutarsu ta yi yawa. Inna ta karkata kai ta saurara, sai na ga gefen bakinta ya motsa.

"Maganar da na yi ɗazu na janye ta," ta ce. "Uwa kam kina da ita, kuma da alama ta ishe ki. Ni sai dai in tsaya a suruka."

Sai da na fito tsakar gida, rana ta haske min ido, sannan na fahimci abin da ta faɗa.

A mota muna komawa Jega, Mama ta sa na kunna mata labarin tun daga farko. Ta saurara har muka wuce Maiyama, ni kuma ina ta satar kallonta ina jiran hukunci. Da aka zo inda na siffanta uwar, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ba a jin takunta, sai ta ce in tsayar. Ta ce kisan bai dame ta ba, kowa zai mutu. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ko a kabari ban bar ta da jikinta da muryarta ba, sai da na canza ta da wata. Har muka iso gida ina riƙe da hannunta, ita kuma tana ba direba labari tun daga sallamarta a zaure, da ƙari.

Lawali bai ji ba sai washegari, daga bakin Rabi. Da ya zo gaida Mama ya durƙusa ya kasa haɗa ido da kowa, yana ta danne dariya. Bayan sallah ƙarama manyansa suka zo neman aurena.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Rabi na da 'ya'yanta, ni ma haka, kuma har yau in na shiga Karaye akwai tsofaffin da ke tambayata ya mai tsawon rai. Ina kewar yarinyar nan ta bakin taga, duk da wautarta. Rubutu ban daina ba, kuma ban daina kashe mutane a cikinsa ba, sana'ar ta gaji haka. Sai dai na koyi in faɗa tun farko cewa ƙirƙira ce, da magana a fili mara ado. In kuma zan kashe wani, nakan fara tabbatarwa ba shi da kuɗin shatar mota.